Taɓarya a Ƙugun Hasan

Hadayek el-Ma'adi, Alƙahira
Maris, 2012

Zuwa ga Kawu Lawali,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga ɗan da ba ka taɓa gani ba. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Gusau baki ɗaya. Mu nan alhamdulillahi, sai tari da ya kama 'yata Tagwa, shi ma ya fara sauƙi.

Sunana Hasan. Ni jikan Fatna ne, ƙanwar mahaifinka, wadda ta kama hanyar Makka ita da mijinta, suka yada zango a Mai Wurno ta Sudan, zangon ya zama zama. Hajiya Yelwa, wadda nake yi wa jagora a kasuwar Ataba in ta zo sarin abaya, ita ta haɗa mu. Muna shan shayi na ambaci sunan kakata da unguwarsu, ta ajiye kofi ta ce ai ɗan wan Fatna maƙwabcinta ne, tsohon sufeton 'yan sanda. In Hausata ta yi maka wani iri, ma'alish, ka yi haƙuri, ta daɗe tana shan ruwan Nilu.

Ya Kawu, na so wasiƙar farko ta zama ta zumunci zalla, amma wata buƙata ce ta turo ni, kuma ba maganar waya ba ce. Tun juyin juya halin bara garin nan ya canza. A watan jiya, da rana tsaka, ina kai kayan wata baƙuwa wurin masu aikawa ta jirgi, mutum biyu a kan babur suka tare ni. Ɗaya ya tsaga min hannu da wuƙa, ɗayan ya kwashi kayan, jama'a na tsaye suna kallo. Raunin ya warke. Amma tun ranar, in na ji babur a bayana sai in raɓe jikin bango, kuma ina jin kunyar faɗin haka ga kowa a nan.

Akwai wani mutum a gidan shayin da nake zama, ya ce zai iya samo min ƙaramar bindiga. Ya nuna min hotuna a wayarsa. Ɗaya shafaffiya ce, harsashinta a cikin mariƙi yake. Sauran biyun masu tukunya ne a tsakiya, wadda ke juyawa, ƙarama da babba. Harsashin babbar ya kusa kaurin ɗan yatsana. Ya ce ita harbi ɗaya ya isa, kuma ganin bakinta kawai yana sa ƙato ya tuna da uwarsa. Gaskiya raina ya kwanta da ita. Mutumin ya tafi garinsu a kudu, ya ce sai bayan azumi zai dawo, in na shirya ya taho min da ita.

Ni kuwa ban taɓa riƙe bindiga ba. Shi ya sa nake tambayar wanda ya sani. Wacce ta fi? Babbar za ta ɓoyu a ƙarƙashin jallabiya? Da gaske ne in an harba takan ture mai ita baya, ko labarin gidan shayi ne? Me ya sa ma ake yin mai tukunya, alhali ɗayar ta fi cin harsashi? Wannan tambayar ta hana ni sakat.

Matata Bakhita ba ta sani ba. Yayanta Tarig ma bai sani ba, duk da yana hawan da ke samanmu, kuma shi ne aminina tun muna tsallen kogi muna yara. Tela ne, mai taushin rai, in ya ji zai hana ni barci da nasiha.

Ka ba Hajiya amsa in za ta dawo. A gaida duk wanda ya tuna da Fatna.

Ɗanka,
Hasan

Sabon Gari, Gusau
Afrilu, 2012

Ɗana Hasan,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, in ka cire gwiwar nan da ta riga ni yin ritaya. Allah ya ƙara wa Tagwa sauƙi. Da na karanta sunan Fatna sai da na cire tabarau na share ido. Mahaifina har ya koma ga Allah bai daina sa ta a addu'a ba, yana cewa ko tana raye ko ta rasu Allah ya kai mata. Ka gaya min, tana da wushirya? Duk gidanmu muna da ita. Kuma a Mai Wurnon nan har yanzu ana tuƙa tuwo, ko kun koma cin gurasa kun bar mu da wahala?

To, dangi ya ɓace shekara da shekaru, ranar da ya bayyana kuma bindiga yake tambaya. Wannan kam jininmu ne, ba sai na ga wushirya ba.

Mai tukunyar nan libarba muke ce mata. Abin da ya sa ake son ta, ba ta da rigima. Ba ta cika cijewa ba, in harsashi ɗaya ya ƙi tashi ka sake jan kunama, tukunya ta juya ta kawo na gaba. Wannan shi ne amsar abin da ya hana ka sakat. Amma babbar da ta shiga ranka, ban san ko mai gidan shayi ya gaya maka sauran halinta ba. Tana da nauyi, tana da ƙugu kamar tulu. Zancen turi gaskiya ne, na ga ƙaton kurtu ya harba irinta ta haura ta fasa masa goshi. Kunamarta tauri gare ta, wanda bai saba ba garin ja sai bakin ya karkace. Harsashinta kuma ba ya tsayawa inda ka aike shi, yakan ratsa mutum ya ratsa ƙofa ya je ya sami wanda ke shan shayinsa. Ka ce a bene kuke zaune. Wa ke kwana bayan bangonka?

Sannan kai baƙo ne a ƙasar mutane, ba lasisi. In aka taɓa ƙugunka a shingen bincike, wa zai riƙe Bakhita da yarinya? Ra'ayina a fili yake, kada ka saya. Amma na san gidanmu, in aka ce mana kada, kamar an ce maza.

Saboda haka ga abin da za ka yi kafin mutuminka ya dawo. Nemi ƙarfe mai kauri wanda ya ɗan haura kilo, nauyin babbar ke nan in an cika ta. Naɗe shi a tsumma, ka ɗaura inda za ka ɗaura bindigar. Ka tashi da shi, ka je kasuwa da shi, ka yi salla da shi, sai za ka kwanta ka kwance. Sharaɗi ɗaya ne, kada kowa ya sani, har matarka. Duk ranar da wani ya gane, ka ɗauka an kama ka. In ka kai azumi ba ka gaji ba, sai mu sake magana.

Ka riƙa rubuto min duk abin da ya faru, don ni ma ina son in sani. Mu a kan bel muka ɗauki tamu, a fili, kowa na gani yana kaucewa. Ban taɓa ɓoye ta ko na yini ɗaya ba, ban kuma san yadda mai jallabiya zai yi da ita ba.

Hajiya ta taho muku da kuka da daddawa. Ka ce wa Bakhita kawunta na gaishe ta.

Kawunka,
Lawali

Hadayek el-Ma'adi
Yuni, 2012

Ya Kawu,

Sallama da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Muna lafiya, sai zafi da ɗauke wuta. Kuka ta iso, Bakhita ta yi miya, Tarig ya ci har ya yi shiru. Fatna tana da wushirya, ni ma ina da ita. Tuwo kuma muna tuƙawa, na dawa, kada ka raina mu.

Na sami ƙarfen, kuma a cikin gidana. Bakhita tana da ɗan turmin da take daka gahawa, taɓaryarsa ta ƙarfe ce, gajeruwa mai kai. Na fakaici idonta na kai wa mai kayan miya ya ɗora a sikeli, ta haura kilo kaɗan, kamar don ni aka ƙera ta. Ya tambaye ni ko sayarwa zan yi. Bakhita ta birkice ɗakin girki tana nema, daga baya ta yi shiru, ta aro ta maƙwabta.

Na fara da aljihun jallabiya. Kafin in kai bakin titi rigar ta karkace, wuyanta ya koma kafaɗa, kamar wanda aka ja daga faɗa. Sai na yanki tsohon rawani na yi ɗamara, na soke ta a ƙugun dama. Nan ta zauna, amma wurin ya yi ƙuraje saboda gumi. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda ake matse mutum kamar dabino a buhu, dole in sa gefen dama a jikin ƙofa, in ban sami ƙofa ba in bar jirgin ya wuce. A masallaci ranar farko ina yin ruku'u ta zame, na tare ta da gwiwar hannu, ban san me liman ya karanta ba. Yanzu ƙarshen sahu nake tsayawa, jikin bango. Tagwa kuma ta saba in na shigo ta rugo ta rungume ƙafafuna, ranar nan goshinta ya bugi ƙarfen ta yi kuka. Na ce waya ce. Tun daga nan nake tare ta da hannu tun daga nesa.

Mafi wuya ita ce gaisuwa. Ban sani ba ko ku ma haka kuke, amma mu mutanen Sudan ba ma gaisawa da hannu kawai. Sai ka dafa kafaɗar mutum, ya dafa taka, in na kusa ne ku rungumi juna ƙirji da ƙirji, ku daɗe kuna tambayar lafiya. Ni da Tarig ko da safe muka rabu, in muka haɗu da yamma sai mun yi. To yanzu in na hango shi sai in miƙe hannu tun daga nesa, in ƙame gwiwar hannun don kada ya matso. Ya ce, "Ya Hasan, na yi maka wani abu ne?" Na ce mura nake yi. Ya dubi rana, ya dube ni, ya ce, "Mura a wannan zafin? Tamam. Allah ya sawwaƙe." Ya daina saukowa shan gahawar la'asar. Abin yana ci min rai, amma na ce in an gama gwaji zan ba shi labari mu yi dariya.

Ga kuma abin mamaki, wanda nake so ka fassara min. Na san taɓarya ce, ni na sato ta da hannuna. Amma tun da na ɗaura ta tsoron babur ya ragu. Na bi ta layin da aka tare ni, da gangan, ina tafiya a tsakiyar hanya. In wani ya matso ni da sauri, kafin in yi tunani hannuna ya riga ya isa ƙugu. Kuma na koma kallon ƙugun mutane. A Ataba sai in ga kamar rabin maza suna ɗauke da wani abu a ƙarƙashin riga. Da ma haka suke ban lura ba, ko ni ne na fara ganin abin da babu? Ku ma haka kuke ganin jama'a?

A taƙaice dai, ba wanda ya gane. Ina ganin na ci jarrabawarka, kuma har yanzu babbar nake so. In taɓarya ta ba ni wannan natsuwar, ina ga ta gaske?

Ɗanka,
Hasan

Gusau
Yuli, 2012

Hasan,

Muna lafiya, damina ta zauna, Allah ya nuna mana azumi lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Na yi dariya a kan rigar da ta karkace, har maƙwabta suka leƙo. Da na kai ƙarshen takardar dariyar ta tsaya. Ba ka ci jarrabawa ba, kuma ni ma ban tsara ta daidai ba. Na zaci nauyi da ƙuraje za su gajiyar da kai ka haƙura. Ban san kuna da wannan gaisuwar ba, mu nan hannu ne da ɗan rusunawa, shi ke nan.

Hannun nan da ka ce yana riga tunaninka isa ƙugu, shi ya tayar min da hankali. Mu an yi watanni ana horar da mu yaushe za a kai hannu, yaushe za a bar shi a gefe, kuma akwai na sama da zai tuhume ka. Kai kana koya wa naka rabin karatun kai kaɗai. Tambayarka kuma, e, haka ake ganin jama'a, kuma ba abin sha'awa ba ne.

Ranar da takardar nan ta same ka, kwance ɗamarar, mayar wa Bakhita kayanta. Ka hau sama wurin Tarig ka gaya masa komai, ka ce laifin wani tsoho ne a Gusau. Kada ku shiga azumi yana ganin kana gudunsa. Na janye sharaɗin.

Hajiya Yelwa ta ce tana dab da tafiya. Ka amsa min da wuri.

Kawunka,
Lawali

Gusau
Satumba, 2012

Hasan, ko duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa a gidan,

Ina fata kuna lafiya, kodayake ban san ko lafiyar kuke ba.

Hajiya Yelwa ta dawo jiya. Ashe Umra ta fara wucewa da takardata a jaka, ba ta sauka Alƙahira ba sai bayan Salla. Ta ce ta neme ka a Ataba ba ta gan ka ba, wayarka a kashe. Masu shaguna suka ce mata ranar Salla ka zaro makami a gidanku, an kwashi mutum zuwa asibiti, kai kuma 'yan sanda sun tafi da kai. Wani ya ce bindiga ce, har an ji ƙara. Ta bar takardar wurin wani mai shago ta taho.

Ashe mutumin naka ya dawo da wuri? Ashe ka saya? Wa ka harba? Yana raye? Tun jiya ban iya cin abinci ba. Na zauna ina ta juya takardarka, inda ka ce ina ga ta gaske, ina cewa da na sani da na buga waya ko da duk duniya za ta saurara.

Wata abokiyar cinikin Hajiya za ta taso jibi, ita na ba wannan, da kwatancen gidanku. Don Allah wani ya rubuto min gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Lawali

Hadayek el-Ma'adi
Oktoba, 2012

Zuwa ga Kawu Lawali, daga 'yarka Bakhita, matar Hasan.

Ina gaishe ka da girmamawa. Mun gode da kuka da daddawa, ban sami damar godiya ba sai yanzu. Ka ci abincinka, Kawu. Ba wanda ya mutu, ba a harbi kowa ba, bindiga ba ta taɓa shiga gidan nan ba. Hasan ya kasa riƙe alƙalami tun da abin ya faru, shi ya sa na karɓa. Takardunka biyu suna gabana, har da wadda ta makara, na kuma sa ya fito min da ta farkon na karanta.

Bari in fara da nawa. Tun makon farko na san inda taɓaryata take. Ni nake wanke jallabiyar mutumin nan, na ga tsatsa a gefen dama, na ga inda yake tura ta ƙarƙashin katifa. Amma na san ya sami takarda daga wani kawu a Najeriya, kuma mu a Mai Wurno tun muna yara muke jin cewa mutanen gida, wato ku, kun fi kowa sanin tsari. Sai na ce shi ke nan, kawunsa ya ba shi maganin ƙarfe saboda wuƙar da aka sa masa, an ce ya ɗaura ƙarfen gidansa a jiki. Irin wannan kuwa an ce in aka yi maganarsa ya karye. Na ja bakina na yi shiru, har ina jin daɗi. Da Tarig ya zo min da ƙorafi cewa Hasan na gudunsa, na ce, "Kada ka tambaye shi komai, wani abu yake yi na kwanaki." Ban faɗa masa mene ne ba, kada in karya. Ka ga ni ma na sa nawa hannun.

Tarig ya daure har azumi ya wuce. Mu ranar Salla al'adarmu kowa ya rungumi ɗan'uwansa ya nemi gafara, ko da gaba ake yi ranar ta ƙare. Ana sallame Idi Hasan ya sulale, don kada a rungume shi. Tarig ya gan shi. Ya riga shi isowa gida ta gajeriyar hanya, ya laɓe a kwanar matakala, wai yau sai ya kama shi ko yana so ko ba ya so. Matakalarmu ba ta da taga, kuma an ɗauke wuta, da hantsi ma sai ka lalubi bango. Hasan na wucewa, Tarig ya fito ta baya ya rungume shi.

Ina ɗakin girki na ji ƙara, na ji abu ya gangara. Na fito da fitilar waya na tarar da yayana a ƙasan matakala cikin sabuwar jallabiyarsa, kafaɗarsa ta dama ta sauka, mijina kuma a tsaye da taɓaryata a hannu yana kallonta. Ƙarar da aka ce an ji, ita ce da ya sake ta ta faɗi a kan siminti. Wata maƙwabciya ta yi ihu wai bindiga, kafin ka ce me layi ya cika.

'Yan sanda sun tafi da shi, sun kuma tafi da taɓaryar. Tarig daga gadon asibiti ya ce shi bai kai ƙarar kowa ba, wasa ne na dangi ya ɓaci. Suka duba takardun zaman Hasan suka ga lafiya, suka juya taɓarya suka ga taɓarya ce, suka sallame shi. Wanda ya miƙo min ita yana dariya ya ce in riƙa kulle kayan girkina. Ni ban yi dariya ba, don na ga irin kallon da suka yi wa ƙugunsa kafin su san mene ne.

Ƙashin kafaɗar Tarig ya karye, kuma da hannun yake yanka. Shi ya sa ba a ganin Hasan a Ataba. Kullum yana shagon yayana, shi ke shimfiɗa yadi, shi ke riƙe almakashi, Tarig na zaune yana nuna masa da baki yana yi masa tsiya wai ya ɓata wa mutane wuyan riga.

Na yi fushi da kai, Kawu, ba zan ɓoye ba. Da na karanta takardar da ta makara sai fushin ya ragu. Tambaya ɗaya nake da ita, don har yanzu abin na raina: ashe da gaske ba ku da maganin ƙarfen, ko kai ne dai ba ka da shi?

'Yarka,
Bakhita

Ya Kawu,

Bakhita ta bar min ƙasan takarda. Ina lafiya. Tarig na samun sauƙi, likita ya ce hannun zai dawo amma sai an yi haƙuri.

Mutumin gidan shayi ya dawo, ya aiko a kira ni. Na je na ce masa na fasa. Ya ce ko ƙaramar zan ɗauka, ta fi sauƙin ɓoyewa. Na ce ko ita. Har yanzu in babur ya taho ta bayana sai in raɓe jikin bango, na kuma yarda in zauna da hakan.

Da na durƙusa kan Tarig a matakala, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Ka yafe min, ya Hasan." Maganar da ya laɓe don ya faɗa ke nan, bai fasa ba.

Akwai abin da ban gaya wa Bakhita ba, ban gaya wa Tarig ba, kai kaɗai za ka gane shi. Kowa ya ɗauka zarowa na yi na kai duka. Ba haka aka fara ba. Da na fizge na juya, miƙa ta na yi kamar bindiga, kanta ya tokari ƙirjinsa, daidai aljihun. Na ji ɗan yatsana ya lanƙwashe ya matsa ƙarfen, ya sake matsawa. Sai da na ji ba abin da ya tashi, sannan na ɗaga na buga. A tsakanin nan har na ji ƙamshin turarensa, wanda na sani tun muna samari, amma yatsan ya riga ya gama aikinsa.

Ka sa mu a addu'a, ni da shi.

Ɗanka,
Hasan